Tarin Baba ya canza: kada ku jira sai kun ga jini

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana da shekara 61, ya daɗe yana shan sigari, kuma yana da ciwon suga. Mun saba da tarinsa na safe, amma wajen wata biyu ke nan tarin ya canza. Ya yi zurfi, ba ya ƙyale shi ko da dare, kuma kaki yake fitarwa. Da yamma jikinsa kan yi ɗumi, da asuba sai a tarar da rigar barcinsa sharkaf da zufa. Abinci kuwa loma biyu yake yi ya ture. An ba shi maganin maleriya, an ba shi na taifod, ya sha wasu ƙwayoyi daga kemis ya ɗan ji sauƙi, sai abin ya dawo. Da na ce mu je a duba ko tarin fuka ne sai ya fusata, ya ce shi bai taɓa tofar da jini ba, tarin sigari ne, ramar kuma ta suga ce. Ɗiyata 'yar shekara uku kullum tana manne da shi, a ɗakinsa ma take barcin rana. Matata ta ware masa kwano da kofi, abin ya ɓata masa rai ƙwarai. Shin waɗannan alamun tarin fuka ne? Kuma yaya zan yi da shi ba tare da na saɓa masa ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya yi maka albarka da ka sa ido har ka lura.

Abin da ka lissafa ya isa, har ya yi yawa, a kai Baba gwajin kaki cikin makon nan. Gwaji ne ke tabbatar da tarin fuka, wasiƙa ba ta iya wannan. Amma ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ba ta da wuyar riƙewa: duk wanda ya yi mako biyu ko fiye yana tari, a duba shi. Baba ya yi wata biyu, ga zazzaɓin yamma, ga zufar dare, ga rama, ga rashin cin abinci. Da a ce za a tambayi ɗalibin aikin jinya ya lissafa alamun tarin fuka na huhu, kusan wasiƙarka zai karanta. Kuma ko da gwajin ya ce ba shi ba ne, tafiyar ba ta tashi a banza ba, domin dattijo mai shan sigari da tarinsa ya canza kuma yana ramewa akwai wasu cututtukan huhu da dole a bincika a kansa, har da ciwon daji. Ta kowace fuska aka duba, zama a gida ba shi da hujja.

Bari in tsaya a kan maganar jini, don ita ce katangar da Baba ya jingina da ita, kuma ita ce ta fi cutar da mutane. An sa wa rai cewa mai tarin fuka shi ne wanda ke tofar da jini a hankici. Jinin yakan zo, amma sau da yawa sai cutar ta ci wani sashe na huhu, ta yi rami a ciki, ta taɓa jijiyar jini. Mutane da yawa har su kamu, a gano, su sha magani su warke, ba su taɓa ganin ɗigon jini a kakinsu ba. Wanda ya ce zai jira jini kafin ya je asibiti, ya zaɓi ya je a makare ne, bayan huhun ya riga ya samu tabon da magani ba zai goge ba, kuma bayan mutanen gida sun daɗe suna shaƙar iskar da yake tari a ciki.

Dalilin da ya sa cutar ke yaudarar mutane yana cikin halittar ƙwayar da ke kawo ta. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya bayyana gano ta a ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da cutar a duniya a wannan rana kowace shekara. Ƙwayar tana da nawa ƙwarai wajen hayayyafa. Akwai ƙwayoyin cuta da ke rabuwa gida biyu cikin minti ashirin, ita kuwa sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20. Saboda haka ba ta kayar da mutum rana ɗaya kamar maleriya. Sannu a hankali take cinsa. Yau kasala, gobe ɗan ɗumin jiki da la'asar wanda ke sauka kafin gari ya waye, mako mai zuwa hawa bene ya fara sa shi haki. Kowace alama ita kaɗai tana da uzurin da za a ba ta: gajiya ce, sanyi ne, tsufa ne, suga ne. Sai an jera su wuri ɗaya, kamar yadda ka yi, sannan hoton ke fitowa.

Ramar ma haka take, wanda ke tare da mutum kullum shi ne na ƙarshen gani. Ka lura da agogon Baba, ko ya fara zamewa yana juyawa a tsintsiyar hannu. Ka duba ƙasusuwan da ke ƙasan wuyansa, ko sun fito sun yi rami a bayansu, da gefen goshinsa, ko ya lotsa. Ka duba ko ya ƙara matse ɗamarar wandonsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In akwai katin asibitinsa na suga, akwai yiwuwar an rubuta nauyinsa a ziyarar baya, ka ɗauko a gwada da na yanzu. Zufar dare kuma ba irin wadda kowa ke yi lokacin zafi ake nufi ba. Ita ce wadda ke jiƙa riga da matashin kai har sai an tashi an canza, ko da garin da sanyi, alhali wanda ke kwance a ɗaki ɗaya da shi bai yi zufa ba. Wasu kuma suna jin ciwo a ƙirji ko a haƙarƙari, musamman in sun ja dogon numfashi ko sun yi tari.

Yanzu ga uzurin Baba guda biyu. Gaskiya ne mai shan sigari yana tari, amma iyalinsa sun san sautin tarinsa kamar yadda suka san takunsa. Kai da kanka ka ce ya canza. Ga mai tsohon tari, canjin shi ne alama: ya ƙara yawa, ya koma tashe shi da dare, kakin ya yi kauri ko ya sauya launi. Sigarin kuwa ba kariya ba ce, yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa. Haka suga. Gaskiya ne suga da bai daidaita ba yana ramar da mutum, sai dai suga ba ya kawo kaki da zazzaɓin yamma. Abin da yake yi shi ne raunana garkuwar jiki, har mai shi ya fi wanda ba shi da shi haɗarin tarin fuka ninki biyu zuwa uku. In cutar ta shiga kuma, sai ta dagula sugan, awon da ya saba zama daidai ya riƙa hawa ba dalili. To ka ga abubuwa biyun da Baba ya kawo don kare kansa, su ne likita zai ji ya ƙara gaggauta gwajin.

Ƙwayoyin kemis ɗin nan sun fi komai damuna a wasiƙarka. Akwai wani rukunin maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su ciprofloxacin da levofloxacin, da ake yawan bayarwa don taifod ko ciwon ƙirji. Suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, su danne ta na ɗan lokaci. Sai zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa, kowa ya ce alhamdu lillahi, bayan mako biyu ko uku komai ya dawo. Wannan sauƙin na ƙarya yana jinkirta gano cutar, yana iya sa gwajin kaki ya kasa kama ta, kuma yana iya koya wa ƙwayar jure wa magungunan da ake ajiyewa don nau'inta mai taurin kai. Kada a ƙara saya masa komai. Ka tattara kwalaye da ledojin duk abin da ya sha, ka tafi da su ka nuna wa likita.

Gwajin kansa ba wani abin tsoro ba ne, ko allura babu. Za a ba shi ƙaramar roba mai murfi ya tofa kaki a ciki. Abin da ake so shi ne na can cikin ƙirji, ba yawun baki ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure har sakamako ya fito babu komai. Ya kurkure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan ya yi tari mai ƙarfi daga ƙasa. Ya yi wannan a fili, inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane, kada ya shige banɗaki ya kulle ƙofa. Na safe da farkawa ya fi fitowa da sauƙi. A wurare da yawa yanzu akwai na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010. Cikin kamar awa biyu take gama aiki, ko da yake layi ko jigilar kakin zuwa wani asibiti kan sa a jira kwana ɗaya ko biyu. Ta fi duban madubin ɗakin gwaji kaifin gani, kuma tana faɗa a lokaci guda ko ƙwayar tana jin rifampicin, wanda shi ne ginshiƙin maganin. Ka tambaya ko akwai ta. Mai shekarun Baba kuma lallai a haɗa masa da hoton ƙirji. In kaki ya nuna babu amma alamun suna nan, kada ku ɗauka an gama, ku koma a sake dubawa. A ƙasashe da yawa gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Abu ɗaya da ya kamata ka shirya masa zuciya a kai tun a gida: za su nemi yi masa gwajin ƙanjamau. Duk wanda ake bincika don tarin fuka ana yi masa wannan tayin, yaro ko tsoho, saboda cututtukan biyu suna yawan tafiya tare kuma maganin yana canzawa in an same su a haɗe. Ba zargi ba ne. Gara ya ji daga bakinka cikin ladabi da ya ji kwatsam a gaban ma'aikaciyar da ya haifa.

Sai maganar kwano. Matarka tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron uwa ba abin zargi ba ne, amma ta tsare ƙofar da cutar ba ta bi. Tarin fuka ba ya bin kwano, kofi, cokali, musafaha ko tufafi. Iska yake bi. In mai cutar a huhu ya yi tari, atishawa ko magana, ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna fita su yi ta yawo a ɗaki na awoyi, wani ya shaƙa. Don haka a mayar wa Baba kwanonsa cikin na kowa yau ɗin nan, a ba shi haƙuri. Abin da zai yi amfani shi ne a buɗe tagogin ɗakinsa dare da rana iska ta ratsa, a bar hasken rana ya shiga, ya riƙa rufe baki da hankici ko gwiwar hannu in zai yi tari, ya daina tofar da kaki a ƙasa, hira da shi kuma a yi ta a waje. In za ku shiga mota zuwa asibiti ya sa takunkumi, a sauke gilashi. Ka ga wannan duk bai taɓa mutuncinsa ba, ware kwanon kuwa ya taɓa, kuma ina zaton yana cikin abin da ya ƙara sa shi turjewa.

Ɗiyarka ita ce wadda ban so ka yi sakaci da ita ba. Barcin rana a ɗakin kakanta ya tsaya daga yau har a san inda aka dosa. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun fi manya saurin tashi daga shaƙar ƙwayar zuwa ciwo, kuma a jikinsu takan bazu, har ta kai ga sanƙarau. Alamunta a yaro ba su cika kama da na babba ba. Ƙaramin yaro haɗiye kaki yake yi, wani ma tarin ba ya da yawa. Abin da za ka gani shi ne nauyi ya tsaya ko ya ragu, zazzaɓi ya ƙi tafiya duk da magani, yarinyar da ke hana kowa sakat ta koma kwanciya ba ta son wasa, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya, ba ta ciwo, kuma ta yi makonni ba ta baje ba. Na san za ka ce an yi mata allurar BCG, ga tabon a hannu. Allurar, wadda aka fara amfani da ita a 1921, tana rage wa ƙananan yara haɗarin nau'o'in cutar masu tsanani, amma ba ta hana kamuwa ɗungurungum, manya kuwa kariyarta gare su daga na huhu ba ta da tabbas. In aka tabbatar Baba na da shi, a kai yarinyar a duba ta ko da tana tsalle-tsallenta lafiya lau. In ba ta da ciwon, akwai maganin rigakafi da ake ba yara irinta na wata uku zuwa shida, ya danganta da wanda aka zaɓa. Kai da matarka da duk wanda ke kwana a gidan ma za a tambaye ku alamu, ku amsa da gaskiya.

Tunda na ambaci kaluluwa, bari in ƙara wannan don masu karatu: cutar ba a huhu kaɗai take zama ba. Tana kama kaluluwar wuya, tana kama ƙashin baya ta kawo ciwon baya na watanni har wani ya yi doro, tana tara ruwa a gefen huhu ko a ciki, tana kama ƙoda da ƙwaƙwalwa. Irin waɗannan wani lokaci babu tari sam, sai rama da zazzaɓi da zufar dare tare da ciwo a wurin da ta zauna.

In kafin ranar da kuka sa Baba ya tofar da jini mai yawa, ko numfashi ya yi masa wuya yana zaune, ko ya fara ruɗewa, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya suka zo, ba a jiran safiya. A tafi da shi nan take.

To yaya za ka shawo kansa? Ka fahimci cewa fushin nan tsoro ne ya sa rigar fushi. Mutanen zamaninsa sun ga waɗanda wannan tari ya kashe, sun ga yadda aka guje su, kuma ga shi a gidansa an fara ware masa kwano tun kafin a ce komai. Kada ka sake kiran sunan cutar a gabansa yanzu, kuma kada ka tare shi a gaban surukarsa ko jikoki. Ka same shi shi kaɗai, lokacin da ya ɗan samu natsuwa, ka durƙusa ka ce, "Baba, tarin nan yana hana ka barci, ni ma hankalina ba ya kwanciya. Ka yi mini alfarma mu je likitan suga ya saurari ƙirjinka." Yana da katin asibiti, yana da likitan da ya saba da shi, wannan ƙofa ce a buɗe. Kai kuma ka ja likitan gefe ka faɗa masa komai, har da zufar dare da ƙwayoyin kemis, domin dattawa in sun zauna gaban likita sukan ce "da sauƙi" ko da babu. In ya ƙi, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya yi masa magana. In duk ya ƙi, ka kawo masa maganar jikarsa. Mutumin da ba zai je asibiti don kansa ba yakan tashi don yarinyar da ke barci a kan ƙafarsa. Ka faɗe ta ba da sigar cewa shi ne haɗari gare ta ba. Ka ce likita ne kaɗai zai iya cewa ta koma ɗakinsa, kuma tana ta kukan a kai ta.

Akwai abin da zai sanyaya masa rai in ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar wannan ƙwaya. A jikin mafi yawansu kwance take, ba ciwo, ba sa yaɗa ta, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai take tasar wa a tsawon rayuwa, galibi in garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa, suga, ƙanjamau ko ƙarancin abinci mai gina jiki. Mai yiwuwa Baba ya ɗauke ta tun yana saurayi. Ba ƙazanta ba ce, ba gado ba ce, ba kuma wanda za a nuna wa yatsa a ce shi ya kawo ta gida. A 2023 kaɗai mutane wajen miliyan 10.8 suka kwanta da ita a duniya. Kuma tana warkewa. In ba a yi magani ba tana kashe kusan rabin waɗanda ta kama, in an sha magani yadda ya kamata kuwa fiye da takwas cikin goma suna warkewa.

In sakamako ya tabbatar, maganin da aka saba bayarwa na wata shida ne: wata biyun farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗun da suka rage guda biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓin zai tafi, cin abinci ya dawo, haɗarin yaɗawa ya ragu sosai, likita kuma zai faɗa muku lokacin da yarinyar za ta koma wurinsa. A daidai nan ne mutum irin Baba zai ce ya warke ya ajiye ƙwayoyin, kuma ajiyewar ce ke haifar da tarin da ba ya jin magani, don haka kai za ka zama mai miƙa masa kullum da hannunka har ranar ƙarshe. Ka gaya masa tun farko fitsarinsa zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, aikin rifampicin ne, ba jini ba ne. Amma in idonsa ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, a koma asibiti ranar. Ka kuma tuna wa likita duk magungunan sugan da yake sha, domin rifampicin yana rage ƙarfin wasunsu, za a buƙaci yawaita awon sugan a watannin nan, wataƙila ma a gyara masa adadin da yake sha.